"RUWA YA ƁATA MANA TAFIYA": DARASI KAN FITA DA YARA A DAMINA

 

Kowace shekara dogon hutun makarantun boko yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Yuli da Satumba, wato daidai tsakiyar malka. Babbar Sallah ma a 'yan shekarun nan tare da ruwa take zuwa: a 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Ke nan lokacin da magidancin Gusau ya fi samun sararin ɗaukar yara ya kai su gaida kakanni a Tsafe ko Bungudu ko Kwatarkwashi, shi ne lokacin da hadari ba ya sallama kafin ya shigo. Abin da nake yawan ji daga bakin iyaye maza idan an dawo shi ne: "Kai malam, ruwa ya ɓata mana tafiya."

Wannan magana ita ce darasinmu na yau. Yaran da ke zaune a bayan mota suna jin ta, kuma suna ɗaukar karatu daga gare ta, mu sani ko kada mu sani. Abin da nake so mu fita da shi: tafiyar damina makaranta ce, kuma Sunna ta koyar da mu yadda ake shigarta da abu biyu a haɗe, murna da taka-tsantsan. Wanda ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, ya yi wa yaransa rabin tarbiyya.

1. MUTANEN DA KE FITA KALLON FURE

Bari in fara da misali daga nesa, don wani lokaci sai ka ga yadda wani ke tattalin ɗan abin hannunsa sannan kake gane girman naka.

A ƙasar Japan akwai wani itace da ake kira ceri, su kuma suna ce wa furensa sakura. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, bayan sanyi ya ja baya, itatuwan sukan lulluɓe da fure fari mai ratsin ja-ja, tun ganye bai fito ba. Daga buɗewar furen farko zuwa cikarsa kimanin mako guda ne, daga nan kuma wani makon sai ya fara kakkaɓewa. Idan ruwa da iska suka zo, ko hakan ma ba ya kaiwa. Irin da aka fi shukawa a biranensu ba ya ma ba da 'ya'yan da ake ci. Duk da haka hukumar hasashen yanayi ta ƙasar tana da itace na musamman a Tokiyo da jami'anta ke zuwa dubawa, idan fure biyar ko shida suka buɗe sai a sanar cewa lokaci ya kama. Iyalai su ɗauki tabarma da abinci da yara su je su zauna ƙarƙashin itatuwan. Sunan al'adar hanami, ma'ana kallon fure. Idan ana yayyafi, lema kawai ake ɗauka, ba a fasa fita, domin kowa ya san furen ba zai jira shi ba. Har kyauta suka yi da itacen: a 1912 birnin Tokiyo ya aika wa birnin Washinton na Amurka itatuwa kimanin 3,000.

Ban kawo wannan don mu kwaikwaye su ba. Akwai abubuwan da ke cakuɗe da bikin nasu, kamar shan giya, waɗanda ba namu ba ne. Abin lura ɗaya ne: mutane sun gane cewa kyakkyawan abu mai gajeren kwana sai an ware masa lokaci, kuma sai an nuna wa yaro shi da yatsa. Mu kuwa da aka umarce mu a Suratur Rum, aya ta 50, da mu dubi alamomin rahamar Allah a yadda Yake rayar da ƙasa bayan ta mutu, mu ne muke ratsa wannan rayarwar da gilashin mota a rufe, uba yana tsaki, yara suna kan waya.

2. NAMU FUREN YANA KAN HANYA

Wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe a watan Afrilu, ya sake bin ta a Agusta, zai ce ƙasa biyu ya gani. A bazara ƙura ce da ƙasa ja da busassun kara. Bayan ruwa biyu ko uku sai tsanwa ta rufe ko'ina. Ga kaɗan daga abin da za ka iya nuna wa yaro ba tare da ka kashe ko kwabo ba:

Shamuwa. Kakanninmu da ita suke gane damina ta ƙarato. Matafiyiya ce ita ma: tana yin sheƙa ta yi ƙwai a ƙasashenmu lokacin ruwa, idan ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka inda nasu ruwan ke farawa. Ka tambayi yaro: wa ya nuna mata hanya, alhali ba ta da taswira ba ta da direba?

Gawo. Duk itatuwa suna sa sabon ganye da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da nasa, sai rani ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne ga gona, shi ya sa manomi ba ya son sare shi. Yaro ya ga itace tsirara a tsakiyar gona kore shar, dole ya yi tambaya.

Furen gyaɗa. Ɗan ƙarami ne ruwan ɗorawa. Idan ya yanƙwane sai wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya shige ƙasa, a can ƙarƙashi gyaɗar take yin ƙwaya. Fure a sama, 'ya'ya a ƙasa. Yaran birni da yawa suna cin ƙuli-ƙuli kullum amma ba su san wannan ba.

Furen auduga, wadda mu nan muke ce wa kaɗa. Yana buɗewa fari-fari mai ɗan rawaya, kafin gobe ya rine ya koma ja-ja, cikin 'yan kwanaki ya faɗi. Ka ga ko sakuran Japan ya fi shi tsawon kwana. Kuma shi namu yana barin abin da za a yi sutura da shi.

Ga bununin gero, ga gemun masara, ga bado a kan tafki, ga shinge da ke cika fitila bayan ruwan dare, ga wannan ɗan jan ƙwaro mai laushi kamar karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko. Ga dutsen Kwatarkwashi idan ruwa ya wanke shi yana sheƙi, girgije ya sauko masa a ka. Kusa da Tsafe kuma ga 'Yandoto, tsohon garin malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu, wanda ya kamata kowane yaron Zamfara ya ji sunansa daga bakin ubansa.

Sai gulbi. Wata rana muna kan hanyar Bungudu bayan an sha ruwan dare, Gulbin Sakkwato ya ciko ya yi jawur, sai ɗaya daga cikin yarana ya ce, "Baba, ina ruwan ga za shi?" Amsar wannan tambaya ta ci mana sauran hanyar. Gulbin ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya biyo ta Gusau da Bungudu, ya shiga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, ya wuce Sakkwato ya haɗu da Gulbin Rima, su gangara tare su faɗa kogin Kwara, daga can sai teku. Daga teku rana ta ɗaga tururi, iskar damina mai busowa daga kudu maso yamma ta koro girgijen ta dawo mana da shi. Daga nan na gaya masa cewa Suratun Nur, aya ta 43, ta yi bayanin yadda Allah ke kora girgije, Ya haɗa shi, Ya tara shi, sannan ruwa ya fito daga tsakaninsa. Na tabbata wannan ayar ta fi zama a kansa fiye da da a allo kaɗai ya gamu da ita.

3. FUSKA BIYU NA SUNNA GAME DA RUWA

Fuska ta farko murna ce. Imam Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik (R.A) cewa ruwa ya taɓa samun su suna tare da Manzon Allah (S.A.W), sai ya yaye wani sashe na tufafinsa don ruwan ya taɓa jikinsa. Da aka tambaye shi dalili, ya nuna cewa ruwan yanzu-yanzu ya zo daga wurin Ubangijinsa. Bukhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha (R.A) cewa idan ya ga ruwa yakan roƙi Allah Ya sanya shi mai amfani. To kai da kake daka wa yaro tsawa don ya miƙa hannu ta taga ya tari yayyafi alhali mota a tsaye take, ka sani abin da yaron ya yi ya fi tsakinka kusa da Sunna.

Fuska ta biyu tsoro ne. Ita dai Nana A'isha ta ba da labari, a Bukhari da Muslim, cewa idan Annabi (S.A.W) ya ga hadari ko iska, ana ganin damuwa a fuskarsa, yana shiga yana fita, sai ruwa ya sauka sannan ya saki jiki. Ya bayyana mata cewa Adawa ma sun ga girgije ya nufo kwarurrukansu suka ɗauka ruwa ne, ashe azaba ce, kamar yadda ya zo a Suratul Ahƙaf, aya ta 24. Suratur Ra'ad, aya ta 12, ita ma ta haɗa tsoro da kwaɗayi a kan walƙiya ɗaya. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Zubair (R.A) idan ya ji tsawa yakan bar hira ya kama tasbihi.

Har ma idan ruwa ya yi yawa akwai abin yi. A hadisin Anas da Bukhari da Muslim suka kawo, wani baƙauye ya roƙi Annabi (S.A.W) ya yi addu'ar ruwa ranar Juma'a, aka yi mako guda ana ruwa, Juma'a ta gaba aka dawo ana kukan rushewar gidaje da yankewar hanyoyi. Annabi bai roƙi a ɗauke ruwan gaba ɗaya ba. Ya roƙi a karkatar da shi zuwa kewayen gari, kan tuddai da kwaruruka da matsirar itatuwa. Ka lura da ladabin nan: ruwan da ya tare maka hanya, shi ne wani manomi a Tsafe ya kwana yana roƙo.

4. HARSHENKA A CIKIN MOTA

A shekara ta 6 bayan Hijira, Annabi (S.A.W) da sahabbansa suna Hudaibiyya, su ma a halin tafiya, aka yi ruwa da dare. Bayan sallar Asuba ya sanar da su, kamar yadda Zaidu ɗan Khalid (R.A) ya ruwaito a Bukhari da Muslim, cewa mutane sun kasu biyu a kan ruwan nan: mai jingina shi ga falalar Allah da rahamarSa, da mai jingina shi ga tauraro. Darasin aƙida aka yi a kan hanya, da ruwan da ya jiƙa kowa.

Wannan bai hana amfani da hasashen yanayi ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwanaki. Dubawa kafin a fita sababi ne, kamar yadda tsoho ke duban gabas ya ce yau akwai hadari. Abin da aka hana shi ne ka ba sababi matsayin Mai sababi.

Don haka ga abin da nake ba iyaye shawara. Idan ruwa ya sauko kuna hanya, kalmar farko da yaro zai ji daga bakinka ta zama godiya da addu'ar ruwa mai amfani, ku faɗe ta tare. Idan tsawa ta yi ƙaramin ya firgita, kada a yi masa dariya, kada kuma a ce masa wani dodo ne. A rungume shi, a ce masa tsawa tasbihi take yi, mu ma mu yi. Manyan kuma ka ba su lissafi: idan sun ga walƙiya su ƙirga daƙiƙoƙi har su ji ƙara, duk daƙiƙa uku kimanin kilomita ɗaya ne tsakaninku da inda ta faɗi. Tsoro ya koma ilimi ke nan. Kuma don Allah, idan tafiya ta yi jinkiri, kada a huce a kan uwar yara. Ba ita ta haɗo hadarin ba.

5. SALLA A TAFIYAR DAMINA

Yawancin ɓacin ran da iyaye ke shiga yana zuwa ne daga rashin sanin sauƙin da shari'a ta yi. Ga mas'aloli biyar a taƙaice, bisa mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasarmu:

Ta ɗaya, ƙasaru. Nisan da ake rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu shi ne mil 48 na malaman fiƙihu, wato kilomita 80 da 'yan kai. Gusau zuwa Bungudu bai kai ba, Gusau zuwa Tsafe ma bai kai ba. Wanda zai wuce Funtuwa ko Zariya ko Sakkwato shi ne zai yi ƙasaru, daga inda ya bar gidajen gari, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka ba. Akwai malamai, irin su Ibnu Taimiyya, da suke ganin duk abin da al'ada ta kira tafiya ana ƙasaru a cikinsa. Saɓani ne sananne, kada ya zama abin faɗa a cikin mota.

Ta biyu, haɗa salla saboda tafiya. A Malikiyya an yi rangwamen haɗa Azahar da La'asar, ko Magariba da Isha'i, ga matafiyi a tudu ko da tafiyar ba ta kai nisan ƙasaru ba. Wannan babban sauƙi ne ga mai iyali, musamman a hanyar da tsayawa barkatai ba hikima ba ce.

Ta uku, haɗa salla saboda ruwa. Wannan daban ne. Magariba da Isha'i kaɗai ake haɗawa, a masallaci cikin jam'i, idan ana ruwa mai ƙarfi ko akwai taɓo tare da duhu. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta yi bayanin yadda ake yi. Shafi'iyya sun ƙara da Azahar da La'asar. Idan ka sauka a garin da limaminsu ya haɗa, ka bi shi.

Ta huɗu, rashin zuwa masallaci. Bukhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A) ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi a Dajnan, ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu, ya ce Annabi (S.A.W) yakan sa ladani ya yi haka a daren sanyi ko na ruwa a halin tafiya. Ibnu Abbas (R.A) ya yi irin wannan ranar Juma'a mai ruwa, don kada a fitar da mutane cikin taɓo da santsi.

Ta biyar, tsarki. Ruwan sama mai tsarki ne mai tsarkakewa, kamar yadda Suratul Furƙan, aya ta 48, ta nuna, don haka ana alwala da shi. Taɓon hanya da ya fallatsar maka a wando an yi afuwa a kansa, sai fa idan najasa ce ƙarara ta rinjaye shi. Wanda kuma lokaci ya kama shi cikin caɓi babu inda zai sa goshi, kuma yana tsoron fitar lokaci, zai yi salla a tsaye yana nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa.

Ka bar yaran da suka kai shekara bakwai su tsaya tare da kai. Yaron da ya ga ubansa ya yi salla a rumfar tasha ruwa yana zuba, ba sai an yi masa dogon wa'azi kan muhimmancin salla ba.

6. INDA WASA YA ƘARE

Yanzu sai ɗaya fuskar. Yara amana ne, kuma Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mu jefa kanmu cikin halaka, balle waɗanda ba su da zaɓi sai inda muka kai su.

Ƙorama da kwalbati. Idan ruwa ya haura kan hanya yana gudu, a tsaya. Masana sun auna cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, na santimita 30 kuma yana iya ɗaga ƙaramar mota. Kuma ba ka ganin ko ƙasan hanyar ya zaizaye. Ruwan ƙorama yawanci jira kaɗan yake so ya janye. Idan direban haya ya ce zai kutsa, ka sauke iyalinka, kuɗin motar ya tafi. Ba mu manta da kwale-kwalen da ya kife da manoma a Gummi a watan Satumba na 2024 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Jirgin da ya cika maƙil, ko wanda babu rigar kariya a cikinsa, ba wurin sa yaro ba ne.

Aradu. Kada a fake ƙarƙashin dogon itace da ke tsaye shi kaɗai a fili, kada a hau dutse ana hadari. Cikin gini ko cikin mota mai rufin ƙarfe da gilashi a rufe ya fi aminci. A jira kamar minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a saki yara waje. Dutsen Kwatarkwashi ma idan ya jiƙe kallonsa ake yi daga ƙasa, santsi gare shi.

Mota. A duba taya da birki da abin share gilashi da fitilu tun a gida. A rage gudu, domin jiƙaƙƙen titi yana ƙara nisan da mota ke ci kafin ta tsaya. Ƙananan yara a kujerar baya, ba a cinyar direba ba. Idan ruwa ya hana ganin gaba, a tsaya a cikin gari inda akwai jama'a.

Kududdufi. Yaron birni da ya je ƙauye yana ganin 'yan uwansa suna iyo sai ya faɗa, alhali su sun iya shi bai iya ba. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini sukan cika su yi zurfin da ba a zato. A gaya wa kaka da yayye tun ranar da aka sauka wane ne bai iya ruwa ba.

Sauro da ruwan sha. A tafi da gidan sauro. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina a yankunan irin namu. Kwana uku ake sha a kowane zagaye, don haka idan tafiya ta faɗo a tsakiya, uwa ta sa ragowar a jaka. Ruwan sha kuma a tafasa, don damina lokacin amai da gudawa ce. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a gwada, kada a ce ruwa ne kawai ya doke shi.

7. MAGANAR DA BA ZA MU ƁOYE BA

Duk wanda ke zaune a Zamfara ya san hanyoyin da nake ambato sun sha fama da 'yan bindiga, kuma idan shuka da ciyawa suka yi tsawo gani yana raguwa. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyali ya shiga daji kallon fure ba. A tambayi halin hanya kafin a tashi. A yi sammako, ga shi Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito addu'ar albarka da Annabi (S.A.W) ya yi wa al'ummarsa a cikin sammakonta. A isa da rana tsaka, kada magariba ta riske ku a hanya, kada a ratse daga babban titi. Idan an ce yau hanya ba kyau, a fasa. Fasa tafiya saboda tsoro na gaskiya ba yanke zumunta ba ne, waya tana nan, aike yana nan.

Amma ga abin da ke damuna. Akwai yara a Gusau yau da aka haife su, suka shiga makaranta, ba su taɓa taka gonar kakansu ba. Akwai kuma waɗanda aka raba da ƙauyukansu suna zaune a gidajen 'yan uwa da kangaye, damina ta zama musu lokacin ɗigar rufi kawai. Idan muka bar abin haka, za mu tashi da zuriyar da ba ta san komai game da daji da ruwa ba sai tsoro. Wannan ma asara ce, kuma ita muna da ikon rage ta. Wanda bai iya zuwa Tsafe ba, zai iya shuka gyaɗa da masara a tsohon bokiti a tsakar gida, yara su riƙa dubawa kullum. Zai iya kai su gonakin bakin gari da hantsi inda aka san lafiya lau ne. Zai iya zama da su a zaure ana ruwa, a gasa masara, ya ba su labarin yadda ake tumu da gero sabo, ya gaya musu sunayen garuruwan kakanninsu. Mai hali kuma ya tuna da maƙwabcin da aka koro daga ƙauye: leda ta rufi, ko gidan sauro, ko tiyar hatsi a wannan lokaci ba ƙaramar sadaka ba ce, kuma a tafi da yara su miƙa da hannunsu.

8. RUFEWA

Suratul Kahfi, aya ta 45, wadda da yawanmu ke karantawa duk Juma'a, ta kwatanta rayuwar duniya da ruwan da ya sauka, tsiro ya cakuɗa ya yi kyau, sannan ya bushe iska ta watsa shi. Mu da ke wannan yanki muna ganin tafsirin ayar da idonmu kowace shekara: tsanwar Agusta, zuwa Nuwamba ta zama kara. Ƙuruciyar yaranmu ma haka take. Damina nawa ce tsakanin ranar da yaro zai fara tambayarka ina ruwa za shi, da ranar da zai daina tambayarka komai? Ba su da yawa, ɗan uwa. Ka ƙirga na babban ɗanka ka gani.

Aikin gida na wannan makon: ruwan farko da zai sauka kana tare da yaranka, a hanya ne ko a gida, ka ajiye waya, ku yi addu'ar ruwa tare, ka nuna musu abu ɗaya da ruwan ya rayar, ka kuma koya musu abu ɗaya da za su kiyaye.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya zaunar da Zamfara da ƙasarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya. Wallahu a'alam.